Yadda Ake Gyara Taguwar Da Ba Ta Zauna A Jiki Ba

Kowace shekara in lokacin koyarwar gwaji ya zo, akan rarraba ɗalibai cikin makarantun ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, waɗansu Bwari, waɗansu Kuje, ko Kwali, ko Abaji, ko Gwagwalada, waɗansu kuwa cikin birnin Abuja. Kowa ya sani yara sukan dubi sabon malami tun daga wuya har ƙafa kafin su saurari abin da ya zo da shi. Kuɗin ɗalibi kuwa kaɗan ne. Domin wannan da yawa daga cikinmu sukan sayi yadi a kasuwar Wuse ko ta Garki, ko su haura Suleja, su kai gida a ɗinka musu, ko kuwa su hau keken da kansu. Sau da yawa ɗinkin yakan yi kyau a ido, amma da an sa sai kwala ta shaƙe wuya, ko maɓallai su buɗe baki a ƙirji, ko kuwa mutum ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo taguwar duka ta bi shi sama. Sai a jefa ta ƙasan akwati, kuɗin yadi da wahalar ɗinki sun tafi a banza.

Yawancin irin waɗannan taguwoyi suna gyaruwa. Abin da zan yi magana a kai shi ne shat, watau taguwa mai kwala da maɓallai a gaba, amma yawancin bayanin zai yi amfani ga mai ɗinka jamfa ko kaftani, ko rigar 'yan makaranta.

Kayan aiki

Ba ka bukatar kaya masu yawa. Ka nemi tef na awo, da allin tela, da fil kamar ashirin, da allurar hannu, da zare wanda launinsa ya bambanta da na taguwar, da reza ko ƙaramin almakashi na farke ɗinki, da dutsen guga. Ka nemi guntayen yadin da suka ragu ranar yanka, gama su ne maganin rabin matsalolin. Abu na ƙarshe shi ne aboki mai haƙuri, domin ba mai ganin bayansa, kuma da ka juya za ka duba madubi, yadin ya riga ya motsa.

Awon da za mu yi da inci ne, gama da shi telolinmu ke aiki. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54, inci 36 kuwa shi ne yadi 1.

Dokoki uku

Ta fari, a wanke tukuna. Yadin auduga yakan ja in ya sha ruwa, ya fi ja kuma ta wajen tsawo. Wani yakan rage inci ɗaya ko fiye a kowane yadi. Tun a shekarar 1930 wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya sami hanyar sa yadi ya gama jansa a masaƙa kafin a sayar, amma ba kowane yadi ake yi wa haka ba. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta a 2002, yanzu yawancin yadin da ke kasuwanninmu daga waje yake zuwa, musamman ƙasar Sin, wani auduga zalla, wani gauraye da zaren roba, mai saye ba ya iya tabbatarwa da ido. Saboda haka kada ka gyara taguwar da ba ta taɓa shiga ruwa ba. Ka wanke, ka shanya, ka goge, sa'an nan ka gwada.

Ta biyu, a fara daga sama. Taguwa a kafaɗa take rataye, kamar yadda jinka ke zaune bisa bangon ɗaki. Kadan kafaɗa ba ta zauna ba, aibin yakan fito a ƙirji, ko a hammata, ko a bakin taguwa can ƙasa, mutum ya yi ta gyaran wurin da ba shi da laifi. Tsarin gyara shi ne kafaɗa, sa'an nan baya da wuya, sa'an nan ƙirji, sa'an nan hammata da hannu, tsawo kuwa daga ƙarshe.

Ta uku, almakashi shi ne na ƙarshen zuwa. Kowane gyara a fara kama shi da fil, a bi shi da ɗinkin gwaji na allurar hannu mai dogayen suka, a sa taguwar a gani. In ya yi, a hau keke. In an sa an yini da ita ba damuwa, sa'an nan a yanke rara. Kuma gyara ɗaya ɗaya ake yi, domin a san wanne ne ya yi magani.

Yadda ake karanta yadi

Ka sa taguwar bisa singileti irin wadda ka saba sawa, ka ɓalla maɓallai duka har na wuya, ka tsaya yadda ka saba tsayawa. Kada ka miƙe kamar soja a fareti, gama ba haka za ka yini a aji ba. Abokinka ya zagaya ka yana duba abu biyu.

Na ɗaya shi ne ja, watau layukan da ke fitowa inda yadi ya ɗaure tamau. Ja yana nuna yadi ya kasa. In layukan a kwance suke, faɗi ne ya kasa. In a karkace suke, ka bi su da ido, inda suka taru nan ne jiki ke neman ƙarin wuri.

Na biyu shi ne tattara, watau inda yadi ya saki ya ninku bisa kansa. Tattara tana nuna yadi ya yi yawa. In a tsaye take, faɗi ne ya yi yawa. In a kwance take, tsawo ne ya yi yawa a wurin.

Ya duba kuma ɗinkin gefe, ko ya sauko sak daga hammata ko ya karkata gaba ko baya, da bakin taguwa, ko gaba da baya sun yi daidai. Duk abin da ya gani ya sa masa alama da alli. Bayan haka ka ɗaga hannu kamar mai rubutu a saman allo, ka miƙa hannu biyu gaba, ka zauna a kujera, ka sunkuya kamar mai duba littafin yaro. Taguwar malami sai ta ci waɗannan jarrabawa huɗu.

1. Kafaɗa

Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin taguwa ya kamata ya zauna bisa ƙashin da ke ƙarshen kafaɗa. In ya zarce ya sauko kan dantse, kafaɗar ta yi faɗi. Ka farke saman hannun, ka ja sabon layi da alli daga kan ƙashin, ka sauko da shi a hankali ya haɗu da tsohon layi wajen tsakiyar ƙofar hannu, gaba da baya, ka mayar da hannun bisa sabon layin.

Akwai kuma gangaren kafaɗa, wanda ba a cika kula da shi ba. Kafaɗun waɗansu a gangare suke, na waɗansu a miƙe kamar sandar Fulani. In naka a gangare suke, aka yanka taguwar a miƙe, za ka ga tattara ta taso daga wajen wuya ta gangara zuwa hammata. Abokinka ya tsunkule ɗinkin kafaɗa a can ƙarshe wajen hannu, ya ɗaga har tattarar ta ɓace, ya sa fil. Yawanci rubu'in inci ne zuwa rabi. A ɗinke wannan, ana ragewa har ya ƙare a wuya ba a ci kome ba. Amma fa ƙofar hannu ta ƙanƙance ke nan, saboda haka a zurfafa ta a hammata gwargwadon abin da aka ci a sama, in ba haka ba hannun ba zai koma ba.

In kuwa naka a miƙe suke, aka yanka taguwar a gangare, za ta hau kan ƙasusuwan kafaɗa ta zauna, kwala ta tashi ta bar wuya, tattara ta kwanta a ƙarƙashin kwala ta baya. Maganinsa shi ne a saki ɗinkin kafaɗa ta wajen hannu in akwai rara. In babu, a cire kwala, a ci ɗinkin ta wajen wuya, a gyara zagayen wuyan, a mayar da kwala.

Mutane da yawa kafaɗarsu ɗaya ta fi ɗaya sauka. A auna kowace dabam.

2. Baya

Wanda ya daɗe yana sunkuyo bisa tebur, bayansa yakan ɗan yi doro, kafaɗunsa su yi gaba. Alamarsa ita ce taguwa tana zamewa baya, maɓallin wuya yana danna maƙogwaro, bakin taguwa ta baya yana ɗagewa, mutum yana ta janyo ta gaba. Da yawa sukan zaci kwala ce ta yi kaɗan, alhali kuwa tsawon baya ne ya kasa a sama. Ka farke ɗinkin da ya haɗa ƙyallen kafaɗa da baya, ka saki wajen rubu'in inci zuwa rabi a tsakiya, kana ragewa har ya ƙare a ƙofar hannu. In rara ba ta isa ba, ka yanka sabon ƙyallen kafaɗa mai zurfi daga guntayen yadi. Sa'an nan ka sauke wuyan gaba da rubu'in inci.

In ka miƙa hannu gaba ka ji ta ɗaure tsakanin allunan kafaɗa, faɗin baya ne ya kasa. Ninki biyu ko ɗaya da ake yi a ƙarƙashin ƙyallen kafaɗa ba ado ne kawai ba, ajiyar yadi ce domin wannan motsi. Ka duba ko an danne su da ɗinki har ƙasa, in haka ne ka sake su.

3. Kwala

Kwala mai kyau ita ce wadda in an ɓalla ta yatsa biyu za su shiga tsakaninta da wuya, watau ta fi awon wuya da wajen rabin inci. In matsin kaɗan ne, a matsar da maɓalli zuwa baki da rubu'in inci, ya isa. In ya fi haka, sai a cire kwala, a faɗaɗa zagayen wuya, a yanka sabuwa.

A nan ne mutane suka fi ɓarna, domin sun manta lissafin da'ira da muke koya wa yara. Zagayen wuya kusan da'ira ne. In ka yanke sumunin inci, watau 1/8, a kewaye duka, tsawon zagayen zai ƙaru da 2 sau 22/7 sau 1/8, wanda ya ɗara 3/4 na inci kaɗan. Wanda ya yanke rabin inci kuwa ya ƙara fiye da inci 3, wuyan ya zama bakin tulu, ba shi komawa. Saboda haka sumuni ɗaya a yanka, a gwada, in bai isa ba a ƙara.

Kwalar da ta yi yawa ta fi wuyar gyara. Sai an cire ta, an ci ɗinkin kafaɗu biyu ta wajen wuya kaɗan kaɗan, an rage kwalar ta tsakiyar baya ko an yanka wata. A auna zagayen wuya da tef a tsaye bisa gefensa, a kan layin ɗinki, a yanka kwala daidai da wannan awo.

4. Ƙirji da ciki

Taguwa tana son ta fi awon ƙirji da inci 4 zuwa 6. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda Maris da Afrilu ke gasa mutum, musamman wajen Gwagwalada da Abaji, gara a kusanci 6 domin iska ta ratsa. In layukan ja sun taso daga maɓallai zuwa gefe, ko tsakanin maɓallai ya buɗe, faɗi ya kasa.

Ga wani lissafin kuma. Ɗinkin gefe biyu ne, kowanne ya haɗa ƙyalle biyu, gaba da baya, bakuna huɗu ke nan. In ka matsar da ɗinki waje da rubu'in inci a kowane gefe, taguwar ta ƙaru da inci 1 cif. Haka kuma in ragewa kake so: kana son cire inci 2, ka ci rabin inci a kowane gefe. Wanda ya ci inci 2 a kowane gefe ya cire 8. Da yake ɗinkin gefe da na ƙarƙashin hannu a tafiya ɗaya ake yinsu, abin da ka saki ko ka ci a hammata ka bi da shi cikin hannun, kana ragewa har wajen gwiwar hannu.

In babu rara, ka yanka dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 ka sa a kowane gefe tun daga bakin taguwa har cikin hannu. Bayan ɗinki zai ba ka wajen inci 1 a kowane gefe. In an yi shi da tsabta a gefe biyu daidai, mai gani zai ɗauka yayi ne.

In faɗi ya isa amma wuri ɗaya kaɗai ke buɗewa, duba zaman maɓallai. Lalle ɗaya ya zauna daidai inda ƙirji ya fi tudu. In ba haka ba, a sa ƙaramin maɓalli ta ciki a wurin.

Mai tumbi zai ga bakin taguwa ta gaba ya ɗage, ɗinkin gefe ya karkato gaba. Shi gaba kaɗai za a saki, a sauke kalmasar gaba. 'Yan'uwanmu mata su ma sukan ga haka a rigunansu, da ja daga ƙirji zuwa gefe. Maganin nasu shi ne ɗan ninkin nan mai tsini da teloli ke kira dat, a ɗinka shi daga gefe ya nufi tudun ƙirji, ya tsaya wajen inci 1 kafin ya kai.

5. Hammata

Wannan shi ne babban abin da ya shafi malami. In ka ɗaga hannu taguwa ta fita daga wando, ko gefenta ya bi ka sama, hankali yakan ba ka cewa hammata ta matse, a ƙara zurfafa ta. Wannan yakan ƙara ɓata abin. Gama in ƙofar hannu ta sauka ƙasa da hammatar mutum, hannun taguwa da gefenta sun zama kamar fiffiken jemage, da dantse ya motsa sai ya janyo gefen duka. Ƙofar da ta hau kusa da hammata, wajen inci 1 ƙasa da ita, ita ke barin hannu ya yi yawo jikin taguwa yana zaune.

Abin da aka yanke ba ya dawowa, amma akwai dabara tsohuwa. Ka farke ɗinki a hammata wajen inci 3 ta wajen hannu, inci 3 ta wajen gefe. Ka yanka ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe wajen inci 3 da rabi har da rara, ka juya shi kusurwa ɗaya ta nufi hannu, ɗaya ta nufi ƙugu, ka ɗinke shi cikin tsagar. Da yake a karkace yake zaune, yakan miƙe in ka ɗaga hannu, ya lafe in ka sauke. Ka ƙarfafa kusurwoyin da 'yan suka na hannu, domin nan ne yakan fara yagewa.

6. Hannu

In hannu yana murɗewa, abu biyu ne. Ko dai an yanka shi ba bisa tsayuwar zare ba domin tsimin yadi, wannan kuwa sai an yanka wani, ko kuwa an sa na dama a hagu. Kan hannu ba daidai yake gaba da baya ba, gefen gaba ya fi lotsawa. Ka ninka shi biyu ka duba, in an musanya su ka farke ka mayar da kowanne wurinsa.

In ɗinkin kan hannu ya tattare, ka auna shi ka auna ƙofar. A taguwa kada kan hannu ya fi ƙofar da abin da ya wuce rabin inci. Tsawon dogon hannu kuwa ana auna shi gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe, ya kai ƙashin wuyan hannu. In ya yi yawa a cire bakin hannun a rage daga ƙasa, kada a taɓa sama.

7. In laifin na keke ne

Wani lokaci yankan daidai ne, ɗinkin ne ya tsuke yadi. Keken da ke gidajenmu, ko Singer ko Butterfly, jikan wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka ne a 1851, kuma har yau abin da ke sa shi tsuke yadi bai sake ba: zare ya ɗaure da yawa, ko allura ta dakushe, ko ta yi wa yadin kauri. Allura mai lamba 11 ta yadi marar kauri ce, 14 ta matsakaici, 16 ta kaki. Suka 10 zuwa 12 a inci sun isa. Ka gwada a guntu tukuna. In zaren sama da na ƙasa sun haɗu a tsakiyar yadi, ba a ganin ƙulli ta kowace fuska, to, keken ya daidaita.

Ramukan tsohon ɗinki sukan rufe a yadin auduga in an yayyafa ruwa an goge. A shadda mai sheƙi da yadin roba kuwa sukan bar tabo, sai a yi tunani sau biyu kafin a saki ɗinki a kansu.

Domin gaba

In kafaɗa ta yi ƙunci ƙwarai, ko an riga an yanke wuya ya wuce, kada ka ɓata lokaci, ka rage taguwar ka ba ƙanenka. Telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa a unguwanni irin su Kubwa da Nyanya da Karu suna iya yi maka ɗinkin in ba ka da keke, amma ka riga ka sa alli da fil da kanka, gama kai ka san inda take damunka.

In ka gama gyara, ka shimfiɗa taguwar bisa takarda mai kauri irin ta buhun siminti, ka zana kowane sashe da gyaransa, ka rubuta sunanka da shekara, ka ajiye. Taguwa ta gaba ba za ta ba ka wahala ba. Ranar yanka kuma ka bar rarar inci 1 a kafaɗa da gefe, maimakon rabin inci, sai an gwada a rage. Kada kuma ka bari sai daren da za ka fita koyarwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda aka ba ajin manya a firamare yana iya mai da wannan darasin lissafi. Yara su kawo tef su auna wuya da ƙirjin juna, maza da maza, mata da mata, su ƙara abin da ya kamata, su yi aikin rabi da rubu'i da sumuni a kan abin da suke gani a jikinsu kullum.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ja da tattara, kuma me kowanne ke nunawa?

2. Don me ake fara gyara daga kafaɗa?

3. Awon ƙirjin wani ɗalibi inci 36 ne, taguwarsa inci 38. Yana son ta zama 41. Nawa zai saki a kowane gefe?

4. In an yanke rubu'in inci a kewayen wuya, nawa zagayen zai ƙaru?

5. Abokinka ya ce zai zurfafa hammatar taguwarsa domin ya ji daɗin rubutu a allo. Wace shawara za ka ba shi?